Mai Shan Jini Ya Zo Gujungu

A bayan motar majigi ya fara zuwa,
ina da shekara tara da kwabo ɗaure a zariya.
Farin zane jikin bangon firamare,
ba launi, sai ƙugin inji da ƙwari suna iyo a haske.
Ya ture murfin akwatinsa, ya miƙe kamar taɓarya,
fiƙa biyu waje.
Tsalha ya jiƙa tabarmar mutane.
Baba Jatau ya furzar da tukar goro:
"Maye ne, amma ƙazami.
Namu kurwa yake kamawa, ba ya ɓata wuyan riga."

Da ya dawo na yi gemu.
Rumfar Barau mai janareta, naira biyu, benci mai kuɗin cizo.
Ya yi ƙiba, ya samu alkyabba, sumarsa ta sha mai,
jinin kuwa ja wur kamar zoɓon Uwale.
Daidai zai kafa haƙori kaset ya cinye zare,
muka bar yarinyar nan da wuya a karkace
har Barau ya gama hura na'ura da baki.
Ran kasuwa tafarnuwa ta yi tsada.
Muka rataya a ƙofa. Sauro bai san ana yi ba.

Zuwa na uku, a faifai, ya iya Hausa.
Muryar wani ɗan birni suka ara masa.
Wai ba ya shiga gida sai an ce bismilla.
Barau ya ce ya fi mai karɓar haraji ladabi.
Dariya ta kashe tsoro a daren nan,
ban kuma yafe mata ba.

Jiya na gan shi a wayar jikata Ladiyo,
bai fi kaska ba,
saurayi ne yanzu, yana kukan soyayya.
Ita kaɗai take kallo, igiya a kunne.

Kowane zuwa sai sun soke ƙirjinsa da itace,
shekara goma ya karkaɗe ƙasa ya sake riga.
Tsalha da Jatau da Barau
sau ɗaya muka kai su bayan gari,
suna can.

An ce ba ya fita a madubi.
Ni ina fita,
ina kuma ganin abin da aka tsotse.
Na kai wa wuyana mari a duhu,
na duba tafi: ɗigo ɗaya, nawa.