Jirgin Kawu Hali

Asabar ce, ruwan dare ya wanke sama tas.
Kawu Hali ya jiƙa yatsa da yawu, ya ɗaga,
ya ce yau iska ba ta da rigima.

Mu huɗu muka turo jirgin daga rumfa
kamar masu tura akwalar mota.
Ya girmi uwata.
Fentinsa ruwan ɗorawa, duk ya koɗe,
fiffiken hagu da faci uku.
A da, shi ke feshin jan-baki a fadamun shinkafa.
Yanzu sai yawo.

Farfela ta yi tari, ta yi gardama,
Kawu ya lallashe ta, ta kama.
Muka tashi, hanjina ya tsaya a ƙasa.

Ga Rima kwance kamar igiyar guga da aka yar,
masuntan Kwalkwalawa sun koma ƙwayar riɗi,
hayaƙin Kalambaina ya miƙe sak, ba mai ture shi.
Inuwarmu na gudu bisa gero,
ba ta karya kara ko ɗaya ba.
Na nemi rufin gidanmu a Mabera,
kwano ya yi yawa, na haƙura.

Can wajen Wamakko sai ga su,
baƙi ƙirin, dubu kan dubu,
suna naɗewa suna warwarewa.
Kawu ya kwantar da fiffike, ya ba su hanya.
Cikin ƙarar inji na ji ya ce,
“Bas su su wuce, ɗiyata.
Bashi su ka bi na.”

Har muka sauka bai ƙara magana ba.
Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma,
alhali babu baƙin mai a jiki.