Mai Baƙin Baya

A Røst, inda rana kan ƙi faɗuwa a watan Yuni,
na zauna kan dutse, littafin Eilif a cinyata.
Shekara tara ke nan da ya bar mini shi,
shi da filaya mai tsatsa da zobba cikin gwangwani.

Svartbak muke ce masa a nan.
In ya miƙe fukafukai sun kai tsayina,
ni da tsufa ya ranƙwafar.
Ƙirji fari fat, baya kamar an shafa kwalta,
ƙafa jaja-jaja irin naman kifi,
baki rawaya da ɗigon ja a ƙasa.
Nan 'ya'yansa ke ƙwanƙwasa kamar baƙo a ƙofa
har a amayo musu abin da teku ta bayar.

Ƙwai uku, cikin ciyawa da ɓawon kaguwa.
Wanda ya fito ba ya kama da ubansa.
Shekara huɗu yana yawo dabbare-dabbare,
kamar buhun da ya kwana a toka,
kafin a ɗinka masa baƙar rigar manya.

Bara wata yarinya ta zo daga Tromsø,
Gunvor, da ma'auni da 'yan kwalabe.
Ta ce sunansa na takarda Larus marinus:
na farko gidansu, na biyu teku.
Ta jera mini dangi a kan yatsu,
mai bayan toka ɗan'uwa ne,
ƙaramin nan mai rawayar ƙafa shi ma na gida.
Wai malamai na ta gardama wa ya fito daga wa,
in sun ɗebi jini sai su sake raba gado.

Na ba ta kofi. Ban faɗa mata ba
Eilif gida biyu kawai ya kasa su:
wanda ya sace maka kifi daga shanya,
da wanda bai samu sarari ba tukuna.

Ba na yi masa shaidar kirki.
Na ga ya haɗiye ɗan akun teku ɗungurungum,
ya goge baki a dutse,
ya gyara tsayuwa kamar fasto ran Lahadi.

Amma yau da safe, a kan turken jirgi,
wani ya sauka da zobe a ƙafar dama.
Na ɗaga tabarau, hannuna na rawa,
na karanta lambar sau uku.
Na buɗe littafin. Shafi na sittin da ɗaya,
rubutun Eilif, karkatacce saboda iska:
"Ɗan tsako, ya cije ni. Aslaug ta yi dariya."

Shekara ashirin da biyu.
Na manta na yi wannan dariyar.

Na jefa masa hantar kifi.
Ya cafe tun ba ta taɓa ƙasa ba,
ya dube ni da ƙwayar idon nan mai sanyi,
ko sannu babu,
ya bi jirgin Oddvar da ya nufi arewa.