Tasa Mai Huda

A ƙasan adakar Inna Mabaruka,
ƙarƙashin zanen saƙi da ƙullin jawul,
muka iske ta ran sadakar bakwai:
tasar jan ƙarfe, baki ya lotsa,
da huda a gindi kamar kafar allura.

Yayana Ilu ya ce a kai wa Ɗan Jimo
ya liƙe ta da dalma, ta yi shan fura.
Na karɓe.

Ni na kwana bayan Inna shekara tara,
ni na san abin da take faɗi
in dare ya raba, Bagalam ta yi tsit,
sai kwaɗin Gulbi.

Takan ce: can arewa da arewa,
inda raƙumi kan manta inuwar gawo,
akwai dausayi a bakin iyaka,
idon ruwa ɗaya, dabino dubu.
Ba gona ake gado can ba, jikalle,
ruwa ake gado.
Mutum ya mutu, ya bar tasa goma sha biyu,
a ce ya bar arziki.

A aza tasa bisa ruwa, ta sha ta hudarta,
in ta nutse, mai tsaro ya ƙulla kaba.
Ƙullinka ya cika, a toshe hanyarka da laka,
a buɗe ta maƙwabci,
ko kai ne liman.

Ubanta ne mai tsaron.
Ya biyo ayari sau ɗaya, don ya ga inda jar fata ke fitowa.
Kafin ya juya, an ja layi a rairayi,
an tsai da soja bisa layin.
Ya zauna Maraɗi, ya auri Bakatsina,
ya koyi awon gyaɗa.
Larabcinsa ya yi ta zuba, kamar gero a tsohon buhu,
abin da ya kai ga Inna ƙidaya ce kawai,
ita ma iyakarta bakwai.

Bana da bazara ta matsa,
famfon unguwa bai zuwa sai ƙarfe ukun dare,
siriri kamar zaren ɗinki.
Jarka arba'in a jere, kowa da zafin kansa.
Ranar da Tsahara ta fasa wa Indo leɓe
a kan wa ya riga wa,
na koma gida na ɗauko ta.

Na cika daro, na aza.
Aka yi dariya, har da masu tafa hannu.
Tasa ba ta kula ba, ta ci gaba da sha
a hankali,
ta karkata,
ta nutse.
Na ƙulla kaba. Na ce, mai bi.

Yau wata biyu ke nan ba a ɗaga murya ba.
Yara sun iya ƙullin, sun fi ni sauri.
Jiya Tsahara ta ce, wai wane gari ne wannan dabara?
Na buɗe baki, na tarar babu.
Inna ba ta taɓa faɗin sunan ba,
ko ta faɗa ina barci.

Na dai tsamo tasar, na zubar,
na sake azawa.