Takalma a Bangon Injin Niƙa

A Garwa, bayan tashar manyan motoci,
ni ke wanke wa Malam Tanimu burushi.
Shi ya zana zakin da ke ƙeyar tirela,
da kawunan aski a shagon Hamajoda,
da kifin Binuwai a ƙofar mai tuwo.
Abin da aka biya, shi yake zanawa.

Sai shekarar da muka dangwala yatsa.
Tawada ba ta gama barin farce ba
aka kwashe samari bakwai a bakin gada,
don sun tambayi inda ƙuri'unsu suka kwana.

Malam bai ce uffan ba.
Kwana uku shayinsa na hucewa a kofi.
Ran na huɗu ya ce, ɗauko tsani.

A bangon injin niƙan Goggo Dudu
ya jera takalman mutum bakwai
kamar a ƙofar masallaci.
Babu ƙafa a ciki, babu suna, babu harafi.
Akwai na roba, akwai na ƙwallo,
da wani silifa shuɗi mai ɗinkin waya.

Jandarma ya zo, ya ɗaga hula, ya sosa ƙeya.
Wannan fa, me yake nufi?
Ranka ya daɗe, takalma ne.
Na wa?
Masu su na ciki. Za su fito in an idar.

Washegari takarda ta zo da hatimi:
a shafe.
Har da jaka biyu, kuɗin farar ƙasa.
Malam ya karɓa, ya ƙirga, ya yi godiya.
Ina damawa ya ce, ƙara ruwa.
Na ƙara.
Ya leƙa bokiti. Ƙara dai.

Bango ya yi fari kamar likkafani
har damina ta sauka.
Ruwan farko ya fito da igiya,
na biyu ya fito da dunduniya.
Wa zai kai ruwan sama gaban alƙali?

Inna Astajam ta sauke ƙwaryar dawa,
ta ɗora yatsa kan ɗinkin wayar.
Ni na ɗinke shi, in ji ta, da fitila a baki.
Injin na ta ƙara, ba kowa ya ji ba.

Huɗu sun dawo, ba takalmi, ba surutu.
Yanzu hannun Malam rawa yake,
ni ke dama shuɗi, ni ke hawa tsani.
Uku har yau ba a idar ba.