Cokali a Aljihu

Ni ban yi boko ba. Jikana Nafi'u ke karanta mini
ran Alhamis, in wuta ta lafa, in ciniki ya yi sanyi.
Shafin baya yake fara buɗewa,
can ƙasa da masu sanarwar ɓatan takarda,
inda Jibbo Na-Gungu ke baje kolinsa.

Mutane na soke alƙalami a aljihun gaba,
shi cokali ne, na ƙarfe, wuyansa a lanƙwashe.
Yakan ce alƙalami na iya karɓar toshiyar baki,
amma cokali bai taɓa kai wa harshe ƙarya ba.

Da shara ya fara a ɗakin buga jarida,
ya koma jera baƙaƙe, hannu duk tawada.
Ran da suka aike shi kotu ya ɗauko shari'ar gona
sai ya dawo da rabin shafi
a kan wainar da ake toyawa a ƙofar kotun.
Edita ya rantse gobe ba shi ba aiki,
sai ga wasiƙu daga Koko, daga Jega,
kowa tambaya ɗaya: wace ƙofar?

Ni ma ya sa ni ciki.
“Tarwaɗar Kulu ta bakin tashar jirgin Yawuri,
yajinta ya fi sammaci saurin tada mutum tsaye.”
Makon nan man gyaɗa ya ƙare mini tun Talata.
Shekara na zagayowa ya rubuta na rage daddawa.
Na rage ɗin, amma ina ruwan duniya?
Wata biyu ban amsa gaisuwarsa ba,
yana zuwa, yana ci, yana biya, yana lashe yatsa.

Manya kuwa bai taɓa kama sunan kowa ba,
miya kawai yake zance:
wata tukunya mai ludayi goma sha tara,
tana tafasa tun safe, nama bai kai akushi ba.
Suka gane kansu. Kwana tara ya yi a tsare.
Ya fito ya ba waken gidan yari shafi guda:
“Tsakuwar ta nuna lugub, waken ne da saura.”

Sau ɗaya a shekara dariyar kan yi nauyi,
in ruwa ya cika, ya tuna gungun da aka haife shi,
wanda tafki ya haɗiye da turmi da murhu da kushewa.
“Kifi ke kwana a ɗakin innata yanzu,
in kun ga ina cinsa har ƙaya,
kuɗin haya nake karɓa.”
Nafi'u ya yi dariya. Ni na juya ina gyara itace.
Miyar innar tasa ce kaɗai bai taɓa bayyanawa ba,
ya ce sunan ganyen da yarensu ne,
masu jin yaren kuma sai raguwa suke.

Da likita ya hana shi gishiri da mai da suya
sai ya zo ya zauna a bencina hannu wofi,
yana shaƙar hayaƙi, ido rufe,
ya ce hanci ba ya cikin takardar asibiti.

Wata Alhamis shafin ya zo da tallar taki.

Ɗiyarsa ta kawo mini cokalin a ƙullin zane,
wai wasiyya ce, in riƙa ɗanɗana daddawa.

Tsoffin jaridun da na tara, da su nake naɗe kifi.
Ba raini ba ne, shi ya roƙa:
marubucin da mai bai jiƙa shafinsa ba
bai shiga gidan kowa ba.
Jiya wani yaron mota ya cinye, ya buɗe takardar,
yana tsaye a rana yana bin layi da yatsa mai maiƙo,
kafaɗarsa na rawa,
direba na ta danna masa oda.