Darasi a Bakin Gini

A Jega, cikin ginin da bai sami rufi ba,
Injiniya Balaraba ta ɗora hular kwano kan buhun siminti,
ta ce, "Kafin ku haƙa, ku tambayi ƙasa
inda ruwan Agusta ke kwana."

Tukur magini ya yi dariya:
"Shekara talatin ina hawa, Allah na tsarewa."
Ba ta musa ba.
Ta girgiza katakon da zai taka bayan azahar,
ƙusa ta faɗo cikin kwanon kwaɓi, ƙwal.

"Wannan aikin guduma ne," in ji ta.

Muka rubuta: rami, wayar wuta, tsadar rodi.
Tukur bai rubuta komai ba.
Ya tsinci ƙusar,
ya daɗe yana kallon tsatsarta.