Taku Uku

Manchester, shida saura kwata na asuba,
ruwa na tsiyaya kamar ya rantse ba zai ɗauke ba.
Ni ne mai rakiyar fiffike.
Jarina sanduna biyu masu jan haske,
sai ido, sai takalmin da ya sha ruwa tun Litinin.

Ina gefen hagu.
Gefen dama ba kowa.
Petros bai zo ba, 'yarsa na asibiti.
Moira ta dubi agogo, ta dubi takarda,
ta ce mutum ɗaya ya isa,
lungun ai mun saba da shi.

An auna lungun nan tun jirage na ƙanana.
Jirage suka yi ƙiba, hannuwansu suka ƙara tsawo,
shi kuwa yana nan yadda magina suka bar shi.
Ga wani a fake tun daren jiya,
wutsiyarsa ta haura layin rawaya da taku uku.
Wanda ya ajiye shi yana gida yana barci.

Namu ya kunno kai a hankali,
tafiyar tsohuwa mai dogara sanda.
Matuƙi ba ya ganin bakin fiffikensa,
kamar yadda ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa.
Idonsa na ƙeya ni ne,
ni kuma guda ɗaya ne.

Ta tsakanin tayoyi na hango.
Na gicciye sanduna sama da kaina,
na yi ihun da injin ya haɗiye.

Ƙas!
Kamar an ɓare goro.
Shi ke nan.

Wani ɓallin fari ya faɗo, bai kai tabarmar salla ba,
ya juya sau biyu a cikin ruwa, ya kwanta.
Ba jini, ba hayaƙi.
Sai fuskoki a tagogi, jere kamar ƙwai a kwali,
da wani yaro yana ɗauka a waya yana dariya.

Waɗannan da ke raba sama a tsakaninsu
ba tare da inuwar wani ta taɓa wani ba,
sai a ƙasa, da saurin da akuya za ta raina,
suka gogi juna.
Harshe da haƙori ma sukan saɓa, na sani,
amma su ba a rubuta musu rahoto.

Aka sauke mutum ɗari da tamanin.
Jirgin da ke fake ma an soke tashinsa.
Wata mata mai baƙar riga ta riƙe hannuna a bakin bas,
ta ce ƙarfe goma za a binne uwarta a Belfast.
Na buɗe baki, Turancina ya gudu.
Minti huɗu Moira ta so ta cece.
Sauri ya haifi nawa, nawa ta kai azahar.

A ofis na hura a bututu, ba a sami komai ba.
Takarda ta tambaye ni: me ka gani?
Layi uku ta bar min.
Na rubuta ruwa, na rubuta wutsiya.
Sunan Petros na bar shi a bakin alƙalami.

A bas ɗin Wythenshawe
wani ƙato ya zauna kusa da ni, yana gyangyaɗi.
Na tattara gwiwoyin hannuna,
na matse su a haƙarƙari
har ƙofar gida.